Wasiƙar Da Ta Cinye Irin Kawu

Ni maraya ne, Kawu ya rene ni a Nahuce. Da dawar gonarsa ya yi mini makaranta har na gama sakandare. Kowace kaka yakan zaɓi zangarnun da suka fi cika ya rataye a rumbu, irin kaura da ya gada wurin kakanmu. Komai tsananin yunwa ba a taɓa su. Ku riƙe maganar irin nan, samari.

Na shigo Gusau tana sabuwar hedikwatar jiha, na samu aiki a wani shagon buga takardu. Da tafireta na fara, daga baya maigidan ya kawo kwamfuta, har muna aika imel ga kamfanonin Legas. 'Yan kasuwa suka gane ina da hannu a wasiƙar talla. Ka kira mutum da sunansa, ka fara da abin da ke damunsa, ka faɗi amfanin kaya a layi uku, ka nemi abu ɗaya tak, ka sa ranar rufewa. Mai sabulu ya yi ciniki, mai keken ɗinki ya yi ciniki. Sana'a ce ta halal, ni na ƙazantar da ita.

Da ƙaramar ƙarya na fara. In rubuta kaya sun kusa ƙarewa alhali sito maƙil yake. Aka yi ta yabona, ni kuma sakarai kaina ya kumbura.

Ana nan wani dillalin hatsi, bari in kira shi Alhaji, ya zo da tsohuwar dawar da ruwa ya lalata. An shanya ta, an rina ta da jan garura kamar irin zamani mai magani. Ya ce, "Malam, kai dai rubuta. Alƙalami naka, kaya nawa, mi naka ciki?" Na san ba za ta tsiro ba. Wallahi na sani.

Na zauna na zuba duk basirata. Na buɗe da cewa, "Daga ɗan manomi wanda ya san nauyin fartanya." Kwamfuta ta fitar da wasiƙa ɗaya da sunaye barkatai, na manoman Tsafe da Bungudu da Furfuri. Nahuce kaɗai na tsallake, wai ni mai hankali, na kare gidanmu. Na manta cewa takarda a ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. A dandali ake karanta ta da ƙarfi, a sa a aljihu a tafi da ita kasuwa.

Damina ta sauka, aka yi shuka, gonaki suka tsaya fayau. Alhaji ya ɓace, ni aka zo aka ɗauka a gaban kwamfuta. Alƙali ya ba ni shekara uku.

A gidan yari Kawu ya same ni, ya rame, ya ce tasa gonar ma ba ta tsiro ba. Na ce, "Kawu, ai ban aika Nahuce ba."

Ya ce, "A kasuwar Bungudu anka karanta mani ita. Da jin farkonta na ce ɗana ne. Ba haka kake buɗe takardun da kake aiko mani ba? Na ce wa mutane su saya, yaron ga ba ya ƙarya."

Na tambaye shi irin kakanmu. Ya ce tunda ga na zamani ya samu daga hannun ɗansa, sai ya sauke zangarnun aka daka aka yi tuwo.

Har yau in na tuna, haushi ke kama ni. Ina jin haushin Alhaji, amma nawa ya fi. Shi ruɓaɓɓiyar dawa gare shi, ba mai saye sai da na ara mata bakina. Kuma raina yana ɓaci in na ji yaro yana kiran irin wannan aiki wayo. Wane wayo? Ka sa tsoho ya cinye irin ubansa da hannunsa?

Na fito, na tuba, Kawu ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ina nan ina rubuta wa 'yan kasuwa talla, amma sai na ga kaya da idona. In iri ne, sai na jiƙa shi a tsumma kwana uku na ga tsiro kafin in taɓa kwamfuta.

Samari, in Allah ya ba ku iya magana, kada ku sayar da abin da ba za ku kai gidanku ba, don can za shi. Kawu yanzu irin maƙwabta yake shukawa. Kowace kaka nakan je in taya shi girbi, kuma bai ƙara rataye komai a rumbu ba.