Ba Za a Sa wa Kwantenarka Kwado Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran jikana, magini, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ina kiransa angona, shi kuma yana ce mini tsohuwar da ta ƙi tafiya. Ga shi ka riga ni, angona, ko sallama babu.

Mutane suna ta yabon ginin hannunka. Ni zancen kwantenar wurin aikinku zan yi, ɗakin ƙarfen nan. Da, ofishin injiniya ce shi kaɗai, leburori kuwa a rana suke cin abinci, ruwan sama ya dake su a tsaye. Kai ka roƙa musu rabinta, ya yarda, da sharaɗin kada ya ga ƙazanta. Ka kafa wa kowa ƙusarsa ta rataye hular kwano. Shebur gefe guda, cokalin gini a wanke tun siminti bai bushe ba, takalma a bakin ƙofa. Kafinta ya ba ni labari ya taɓa barin ƙusoshi a ƙasa, ka tsince su ɗaya bayan ɗaya ka zuba masa a aljihu. Na yi dariya har da hawaye, don na tuna yaron da nake tsamo takalminsa a cikin randa.

Shekaranjiya na je karɓo kayanka. Ƙura ta rufe teburin zane, kwanukan abinci duk ƙudaje, wayar wuta kwance a kan hanya. Tsintsiyarka tana jingine inda ka bar ta. Da na tambaya, mai walda ya sunkuyar da kai ya ce babu wanda ya iya taɓa ta, nauyinka suke ji. Injiniya kuwa ya riga ya ce ƙarshen mako zai sa wa kwantenar kwado.

Na ce musu, "'Ya'yana, tsintsiya ba gawa ba ce. In an kore ku, sai ku ci gaba da girmama shi a rana."

Na miƙa wa mai walda tsintsiyar. Ya yi shara yana share hawaye, ƙurar da ya tayar ta fi wadda ya kwashe, sai da na koya masa yayyafa ruwa. Na raba musu kwanaki, kowa da ranarsa. Injiniya ya ce zai ƙara musu mako biyu ya gani. Na ce ya gani mana, ai kullum da safe ina nan bakin ƙofa da kujerata har hannunsu ya faɗa. Gwiwa ce ke ciwo, bakina lafiyarsa ƙalau.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Ina yi wa 'yata, mahaifiyarka, ta'aziyya, da matarka, da 'ya'yanka biyu, Allah Ya raya su bisa halinka. Ku ma abokan aikinsa, Allah Ya ba ku haƙuri. Gobe ranar mai ɗaurin rodi ce, ya zo da wuri.