Ranar da Na Sake Jefa Birgi

Shekarar da na ajiye aikin rediyo, zama ya gagare ni. Na saba fita daga gidanmu na Hyattsville, a nan Amurka, kullum da sassafe, sai ga shi babu inda ake jirana. In je shagon kayan abincin gida in sayo daddawar da ba a aike ni ba. In shiga jirgin ƙasa har ƙarshen layi in dawo. Maiɗakina ta gaji da safa da marwar da nake yi tsakanin falo da kicin, ta kai ƙarata wajen babbar 'yarmu, wadda ke aikin jinya tana zaune a Bowie.

Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta zo ta ce ta ɗauki hutu, za ta kai ni wani tsibiri a yankin Polinesiya, can tsakiyar tekun Fasifik.

"Uwata, me zan yi a tsibiri?"

Ta ce ai na sha gaya musu ni ɗan masunta ne daga Yawuri, to ga ruwa.

Bayan doguwar tafiya muka isa. Wani shingen duwatsun murjani ya kewaye tsibirin, igiyar teku na fashewa can waje, cikin shingen kuwa ruwa kwance kamar na randa. Ni dai ban kwanta ba. Kwana biyu ina zagaye bakin ruwa, ina duba waya ko wani ya neme ni.

A rana ta uku wani dattijo mai kwale-kwale ya fita da mu. Ya ba mu gilashin rufe ido da hanci, da bututun da ake cizawa a riƙa numfashi ta ciki. 'Yata ta faɗa ruwa kamar a nan aka haife ta. Na bi ta ina taƙama. Da na kifa fuska sai na ga ƙasa can nesa, kifaye shuɗɗa da rawaya suna wucewa ta ƙarƙashin cikina. Ruwan da na sani ja ne, da hannu da ƙafa ake gane abin da ke cikinsa. Wannan kuwa komai a fili, har zurfin. Kaina ya juya, na manta da bututun, na shaƙi ruwan gishiri. Da ƙyar na kama gefen kwale-kwale ina tari.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ja ni ciki ya miƙo min ruwan kwakwa. Kunya ta hana ni kallonsa, sai na kai ido ƙasa, na ga raga a naɗe da dalma a gefenta. Birgi ne sak, irin wanda ake jefawa ya buɗe kamar faifai. Na ɗaga, na ga ya yage a wuri ɗaya. Kafin in yi tunani yatsuna sun fara ƙulli.

Ya tsura wa hannuna ido, ya tambaye ni da ɗan Turancinsa wa ya koya min.

Na ce, "Mahaifina."

Ya tuƙa mu zuwa inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Jifan farko birgin ya faɗa a dunƙule. Na biyu kafaɗata ta yi ƙara. A na uku ya buɗe duka, ya sauka a hankali. Kifi huɗu na jawo, ƙanana.

'Yata na tsaye cikin ruwa, gilashi a goshi. Ta ce da Hausa, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Baba, ashe da gaske ne."

Da yamma iyalin dattijon suka tona rami suka gasa abinci a kan duwatsu masu zafi, an rufe da ganyen ayaba. Da suka ji ba ma cin alade, matarsa ta gasa mana kifinmu daban, da gwaza. Aka buga ganguna, mata suka yi rawa da furanni a ka. Na ci, na yi tafi, amma hankalina ya riga ya tafi wani kogin.

Da muka dawo Amurka, ko akwati ban buɗe ba na kira yayana a Yawuri. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko kwale-kwalen gidanmu na nan.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce tuni ya ruɓe, 'ya'yansa kuma duk babur suke tuƙawa.

"Yaya, in na zo bayan damina, za ka samo mana na aro?"

Ya ce, "Ka dai zo tukuna."