Muryata a Wayar Mama Shugaba

Ni tela ne. Shekara ashirin da wani abu ina kan keken ɗinki a Unguwar Boro, kuma a mafi yawan shekarun nan ban iya rubuta ko sunana ba. Lamba kam na sani, tef ɗin awo ya koya mini. Abin da ya gagare ni shi ne rubuta sunan mai lambar.

Da na sayi babbar waya sai na samo dabara. In na gama auna mace, nakan bari ta fita, sannan in danna wajen ɗaukar murya in faɗi awonta: kafaɗa kaza, ƙirji kaza, ƙugu kaza. To amma masu suna iri ɗaya sun yi yawa, wasu ma da Mama kawai na san su. Don kada in ruɗe sai nake ƙara wa kowacce alama. "Mai giɓi, wadda ba ta amsa gaisuwa." "Mai turaren da ke sa ni atishawa." Ban taɓa ɗaukar wannan zagi ba. A wurina rubutu ne, irin nawa.

Wata damina ina tsallake kwata a Sabon Tasha, wayar ta zame daga aljihuna ta faɗa ruwa. Na kai wa maƙwabcina mai gyaran waya, wani Ibo da ya daɗe a Kaduna har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya buɗe ta, ya hura, ya sunsuna.

"Baba Tela, wannan ta rasu. Sai haƙuri."

"Awon mutane fa, Oga?"

"Tare za a binne su."

A lokacin kuwa zumuntar mata ta wani coci a Romi ta ba ni ɗinkin ankonsu na taron shekara. Wannan aikin shi ke riƙe shagona kowace shekara. Da na aro waya na sanar da shugabarsu, wata tsohuwar nas da kowa ke kira Mama Shugaba, sai ta ce za su zo a sake auna su. Suka zo, suna mita. Na sayi wata wayar, na sake ɗaukar murya, alamomin ma na sake su, har da ƙari, don mitar ta ba ni haushi.

Oga ne ya ce mini in daina dogara da waya kaɗai. Ya ce akwai ma'ajiya a intanet, kilawud suke ce mata, inda kayanka ke zama ko da waya ta mutu. Ya nuna mini guda uku. Ta farko kyauta ce amma wurin kaɗan ne, hotunan samfurin ɗinki kaɗai za su cika ta. Ta biyu ana biya duk wata, abin da bai kai kuɗin yadi ɗaya na atamfa mai sauƙi ba. Ta uku kyauta ce, kuma wai ba ta cika har abada.

"Ta ukun nan," na ce.

"Na san haka za ka ce," in ji Oga. "Duk tsofaffi haka suke cewa."

Wata takwas ke nan da na shiga ajin manya da ake yi da la'asar a wata firamare. Na fara haɗa baƙi, girman kai ya fara shigata. Na ce ba zan danna amincewa ba sai na karanta sharuɗɗan da idona. Oga ya yi dariya har ya ajiye sukurdireba. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa ganin wanda ya karanta su ba.

Na sa aka buga mini su a takarda, na kai wa Malamarmu. Da Turanci suke, ni kuwa Hausar ma da rarrafe nake bin ta. Bayan an tashi aji mukan zauna minti goma sha biyar, ina bin layi da yatsa, tana fassara mini. Mako uku muka yi. A mako na uku muka iso wurin da ta ukun ta ce tana da ikon duba abin da ka ajiye, ta kuma ba abokan hulɗarta. Malama ta cire tabarau.

"Baba, awon jikin matan mutane ne fa. Amana ce, doka ma ta san da haka. Ba naka ba ne da za ka bayar."

Na zaɓi ta biyu, Oga ya zuba mini muryoyin da hotunan samfuri a ciki. Tana da kalmar sirri, kuma duk wanda zai shiga sai an turo lamba a wayata. Ranar na koma shago ina tafiya kamar lauyan da ya ci shari'a. Na ce wa Oga, "Da ban iya karatu ba, da yanzu wani ƙato a wata ƙasa yana sauraron ƙugun matan Romi."

Kwana huɗu bayan haka Mama Shugaba ta kira. Tana son hotunan samfurin hannun riga, ta tura wa matan a rukuninsu na waya su zaɓa. Oga ya taɓa nuna mini yadda ake yi, kuma ranar yana nan a shagonsa, taku biyar daga nawa. Ban kira shi ba. Mutumin da ya karanta sharuɗɗa zai nemi taimako a kan danne-danne? Na danna, na tura. Ashe ba jakar hotuna na tura ba, babbar jakar ce gaba ɗaya, wadda komai ke ciki.

Washegari da hantsi ta shigo. Ba ta zauna ba. Ta ɗora wayarta a kan keken ɗinki ta danna, sai na ji muryata, cikin natsuwa kamar mai karanta labarai:

"Mama Shugaba. Ƙugu arba'in da shida. Za ta ce a rage inci biyu. Ka ce to, kada ka rage."

Na duƙa ina neman allurar da ba ta faɗi ba.

"Baba Tela, ɗago. Shekara nawa kana ce mini to?"

"Mama, ai kayan suna yi miki kyau."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Tara."

"Tara! Ni kuma ina ta gaya wa likita na rame."

Ta ce yatsanta na kan turawa rukuni ke nan, sai ta ce bari ta fara dubawa. Ta ga wasu fayiloli masu lamba a maimakon suna, ta danna ɗaya, ta ji na wata mata, ta danna na biyu ta ji nata, ta tsaya nan. Da ta tura, da mata arba'in sun ji awon juna da alamomin juna kafin azahar. Da ba anko kaɗai zan rasa ba, sai na bar unguwar.

Na ƙwala wa Oga kira. Ya zo ya rufe hanyar shiga jakar a cikin minti ɗaya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na ce to alhamdu lillahi, magana ta mutu.

"Ba ta mutu ba," in ji Mama Shugaba. "Na ji sirrin 'yar'uwata ba da izininta ba. A asibiti in fayil ɗin mutum ya fita, gaya masa ake yi. Ranar Alhamis za ka zo taronmu ka faɗa da bakinka. In ba haka ba, mu kwashe atamfarmu."

Na tambayi Malama ko akwai wata hanya. Ta ce babu, gaskiyar Mama ce.

Ranar Alhamis na tsaya a gaban matan, hula a hannu. Na faɗi yadda nake ajiye awo, da dalili, da kuskuren da na yi. Na ce zan goge muryoyin duka in rubuta sunan kowacce. Sai wata daga baya ta ce, "Kafin ka goge, mu ji!"

Aka ɗauki hayaniya. A nan ne kaɗai na yi abin kirki a duk labarin nan. Na ce kowacce nata kaɗai za ta ji, a kunnenta. Suka yi layi. Mai giɓi ta saurara, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ina wuni, Baba Tela," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Mai turare ta karɓi atamfarta ta tafi, har yau ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Wata kuma ta saurara sau biyu, ta ɓata rai.

"Ni lamba kawai? Ba ka ga komai a jikina ba?"

Sauran suka bar mini ankon. Wata guda na yi ina rubuta sunayensu, kowacce na tsaye a kaina tana gyara mini baƙi. Yanzu kafin in ajiye awon mace sai na tambaye ta, wadda ta ce a'a in rubuta mata a takarda ta tafi da abinta.

Da na zo kan na Mama Shugaba, na rubuta sunanta, na ɗaga biro ina jira.

"Rubuta arba'in da huɗu," ta ce.

Na ce to. Ta tsaya tana kallon hannuna har na rubuta. Da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Amma in ka zo yankawa, ka yi yadda ka saba."