Ganyen da Inna Ta Ƙona

Shekarar da tsayuwar Arfa ta faɗo tsakiyar zafi, a kan jaki aka dawo mana da Baba gida, unguwar Hindawiyya. Ga-ruwa yake yi. Ya kwana huɗu yana jigilar garwa tsakanin tantunan alhazai, ya kwaso amai da gudawa, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Shekarata goma sha biyu, amma na gane abin da ake tsoro da maƙwabta suka fara shigowa suna zama shiru.

Da hantsi sai ga wani tsohon alhaji mutumin Sin, wanda Baba ke kai wa ruwa masaukinsa. Ba ya jin Hausa, Larabcinsa kuma bai wuce na salla ba. Ya dubi harshen Baba, ya riƙe masa wuyan hannu, sannan ya miƙa wa Inna busasshen ganye a ƙunshin takarda. Ya shafa cikinsa, ya nuna murhu, ya tafi.

Inna, Allah ya jiƙanta, mace ce da ba a koya mata abu. Ta sansana, ta ji ƙamshi kamar na ƙasa in an yi ruwan fari, ta ce ai wannan turare ne, shi ake ji a yadin Indiya. Ta zuba garwashi a kasko, ta lulluɓe Baba da bargo, ta yi ta barbaɗa ganyen. Baba ya yi tari har ya gaji, aman kuwa bai tsaya ba.

Washegari tsohon ya dawo ya tarar da toka. Ya dafe kai, ya yi ta faɗa da yarensa, Inna na rama masa da Hausa. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Shi da kansa ya tafasa ruwa, ya zuba ganyen, ya rufe tukunyar. Na kai hannu zan leƙa, ya make ni. Sai da na girma wani mai sayar da magani ya bayyana mini cewa ƙarfin ganyen yana cikin man da ke ba shi ƙamshi, in ya bi iska an yi asara. A ƙasarsu da shi suke tsayar da aman zafi.

Kurɓi-kurɓi Baba ya sha. Kafin la'asar ya nemi kunu.

Shekara goma sha wani abu ya ƙara a duniya, bai daina tsokanar Inna ba. Duk wanda ya ce kansa na ciwo, sai Baba ya ce a ɓoye maganin kada Hajiya ta turara shi. Ita kuma ta ce da hayaƙinta aka fara samun sauƙi. Tsohon ya koma ƙasarsu, ko sunansa ba mu sani ba.

Bayan rasuwar Baba na shiga ɗakinta wata Juma'a, na iske hayaƙi da wannan ƙamshin. Ta samo ganyen wurin mutanen tsibirin Jawa.

Na ce, "Inna, ai dafawa ake yi."

Ta ce, "Na sani, ya binti, 'yata. To wa zan dafa wa?"

Na zauna kusa da ita har garwashin ya mutu. Yau ni ma na tsufa, kewarsu ta ishe ni, kuma ban taɓa dafa ganyen nan ba.