Mai Makullin Hasumiya

A bakin direbanmu na fara jin sunanta, ranar da na je ƙauyen Ushguli, can cikin duwatsu, neman kabarin kakata: "Inna Lamzira, baƙi sun iso!"

Gajeriya ce, makullin hasumiyar gidansu rataye a wuyanta. Tana nuna wa baƙi kujerar kakanta, amma idonta na kan hanya.

Direban ya tsokane ta: "'Ya'yanki duk suna birnin Tbilisi, me kike jira a nan?"

"Kai dai ja motarka. In na tafi, wa zai girka wa mamatanmu abinci in sun zo ziyarar hunturu? Su tarar da ƙofa a kulle?"

Da za mu tafi ta riƙo hannuna. "'Yata, in kin je teku, ɗebo mini ruwansa a kwalba, in ɗanɗana."