'Yar Hanya, Dawar Kakata

Ka taɓa shinshina zangarniyar dawar da ta shekara a rataye a madafa? Ƙamshin hayaƙi ne da ɗan ɗaci-ɗaci, wani ma cewa zai yi wari ne. Ni kuwa ko yau na ji shi sai in gan ni a gidanmu na wajen Doka, a ƙasar Gadarif, ina tsaye a guttiyar Kaka, bukkar da take girki, wuyana ya ƙage saboda kallon jinka.

Kaka, mahaifiyar babana, ita ce mai irin gidanmu. Maza suna can mashru'i, manyan gonakin nan da tarakta ke nomawa, suna yi wa masu su aiki. Ita kuwa tana da 'yar gonarta a bayan gida, inda take shuka wata doguwar jar dawa da take kira 'yar hanya. Ta ce uwarta ce ta ƙullo ta a bakin zane daga yamma, lokacin da suka taso da niyyar Makka, tafiya ta tsaya musu a ƙasar Gadarif. Tuwonta yakan kwana bai saki ba, kununta kuma ba ya neman sukari.

Idan ruwa ya ɗauke, baƙar lakar ƙasarmu ta fara tsagewa, Kaka takan yayyage tsohon zane ta shiga gona tun kafin a fara yanka, ni ina biye. Duk zangarniyar da ta yi mata sai ta ɗaura mata ƙyalle, wannan ta iri ce, ba mai taɓa ta. Ita ta koya mini cewa girma ba shi ne kyau ba. A duba karan da iska ta kaɗa bai kwanta ba, a duba ko da burtuntuna, cutar da ke baƙanta ƙwaya, a ɓare ƙwaya a ciza a ji. Wallahi ban san abin da ya kama ni ba. Sa'o'ina suna ƙwallo, ni ina tara ƙwayar kuɓewa da riɗi da yakuwa a gwangwanin tumatir, kowane da nasa. Babana yakan girgiza kai ya ce wannan yaro kamar kaza ce ta ƙyanƙyashe shi. Burinsa in bi lori in zama direba. Kaka sai ta ce a bar mata angonta, ai ba kowa ke cin abinci da sitiyari ba.

Wata shekara da kaka, wata matashiya daga garin Mafaza ta zo yankan riɗi da goyo a bayanta, ta sauka gidanmu. Ta ci tuwon 'yar hanya, ta yi ta santi, har ta tambayi sunan dawar. Ranar da za ta koma sai Kaka ta sa sanda ta sauko da zangarniyoyin da suka fi kowanne kyau, waɗanda ni da hannuna na ɗaura wa ƙyalle, ta miƙa mata. Haba! Na faɗi ƙasa ina birgima, majina har baki. Matar ta ji kunya, ta kai hannu bakin mayafinta za ta kwance kuɗi, Kaka ta buge hannun.

"Ba a sayen iri, 'yar nan. In ta yi miki, ki ba wani."

Sannan ta juyo kaina, ta ce angon rowa, tashi ka share hanci. Irin da ke ɗaki ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. A lokacin ban ji komai a maganar ba sai haushi.

Na yi karatun noma duk da babana bai so ba, na zauna a yankin Jazira, nesa da gida, daga baya na buɗe shagon iri. Da na gaya wa Kaka, ta yi dariya har da tari, ta ce saura in sayar da ruwan sama. Amma ta sa mini albarka, da sharaɗin 'yar hanya ba ta shiga ma'auni. Bayan rasuwarta babu wanda ya ci gaba da shuka ta a gida. Ta yi wa injin girbi tsawo, tana jinkirin nuna, tsuntsaye kuma sun san daɗinta. Sai na kwashe abin da ya rage a jinka na tafi da shi Jazira. Ina shuka ɗan layi duk shekara, ina adana ƙwayar a kwalabe, hankalina kwance.

Da yaƙi ya iso mana, da kayan jikinmu muka fito, ni da matata da yara. Shago da kwalabe duk suka tafi. Mutane sun rasa abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa ban iya faɗa wa kowa abin da ke cina ba. Amma gaskiya na yi kuka. Dawar da ta ƙetare duk wannan tafiya a bakin zane, a hannuna za ta ƙare?

Na kafa ɗan tebur a kasuwar Gadarif ina sayar da irin kuɓewa da lalo. Duk manomin da ya tsaya sai na tambaye shi jar dawa doguwa, kowa ya ce sai dai gajera ta mashru'i. Ana haka na tuna matar nan mai goyo. Ko sunanta ban sani ba, amma na hau mota zuwa Mafaza.

Ban ma sha wahalar tambaya ba. A unguwar Hausawa ta bakin kogin Rahad na hango jajayen kawunan dawa sun leƙo ta saman danga, gida bayan gida. Na tambayi inda suka samo irin. Aka kai ni wurin tsohuwar da ta fara kawo ta, tana zaune a rumfa tana gasa bunni, wato 'ya'yan gahawa. Na faɗi daga inda nake da wadda ta haifi babana. Ta ƙura mini ido, sai ta fashe da dariya.

"Kai ne mai birgimar nan?"

Ta aika aka sauko da zangarniyoyi daga madafarta, baƙaƙe ƙirin da hayaƙi. Na kai su hanci, hawaye suka zubo. Hannuna kuma, da ya saba da kasuwa, ya nufi aljihu. Ta ɗaga mafici ta buge shi.

"Ba a sayen iri, ɗan nan. In ta yi maka, ka ba wani."

Yanzu teburin nan ya zama shago, alhamdu lillahi, da shi nake ciyar da iyalina. Mafi yawan abin da nake sayarwa a leda yake zuwa, an shafe shi da jan magani, yara ma ba su san daga wane kara ya fito ba. Amma a saman ƙofa akwai jar zangarniya a rataye, kuma duk wanda ya tambayi kuɗinta, ƙulla masa nake yi a takarda ya tafi. Ƙaramar 'yata takan tura baki ta ce Baba kana ɓarna. Ni dai dariya nake yi, don na san wanda ta gado.