Gyaren Sabara da Irin Geron Baba

A shekarar da Baba ya rasu, irin geronsa da ya rage mana bai wuce ƙwarya ɗaya ba. Shekara da shekaru ya yi yana zaɓarsa zangarniya-zangarniya, ko a kasuwar Gaya ba a samun irinsa. In ya ƙone a ƙasa, shi ke nan, ya bi mai shi.

Gonarmu tana bayan Kademi, sabara ta kewaye ta. Da bazara, in rana ta take, wani irin gyare mai fukafukai garai-garai yakan maƙale a rassanta ya dinga ƙara har kunne ya yi zafi. Ni dai tun ina yarinya haushinsa nake ji. Inna kuwa da shi take gane damina. Muddin yana wannan ihun, in ji ta, zafi bai gama ba.

Sai aka yi ruwan farko, mai ƙarfi kuwa. Kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona. Yayana da ke aiki a sakatariya ya zo a babur yana nuna mana waya, wai damina ta sauka. Inna ta rufe ƙwaryar da faifai ta tura ƙarƙashin gado. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce gari zai yi mana dariya, ƙwaro ya zama malamin gonarmu. Ni ma fa ban raga masa ba, na ce ya je ya shuka wayar.

"Jeka gona da azahar ka saurara," in ji Inna. "In sun yi shiru, zo ka ɗauka."

Ya je, ya dawo fuska a murtuke, ya bar ƙwaryar inda take.

Mako biyu babu ko ɗigon ruwa. Shukar maƙwabta ta tsiro, ta lanƙwashe, ta bushe, wallahi na tausaya musu. Ran nan na je itace na ji sabara tsit. Da gudu na dawo gida. Bayan kwana biyu aka sheƙa ruwa muka shuka, Yaya ne ma a gaba da sungumi. Irin nan har yau shi muke nomawa.

Yanzu kunnen Inna ya tafi. Duk bazara takan kama hannuna ta tambaya ko sun yi shiru. Bana ban kai ga amsawa ba Yaya ya shigo, takalminsa buɗu-buɗu da ƙasar gona. Ya durƙusa daidai kunnenta ya ɗaga murya.

"Da saura, Inna. Kada a taɓa ƙwaryar."